Fitar farko waje: ƙasa biyar a sati biyu, zai yiwu kuwa?

Ɗan Gwale: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma don Allah kada a yi mini dariya. Shekarata 36, ban taɓa tsallake iyakar Najeriya ba, ko Maraɗi ban taɓa leƙawa ba. Bana adashin ofis ya faɗo kaina, na haɗa da kuɗin wani ɗan fili da na sayar, ni da mai ɗakina muka yi fasfo mai shafi 32. Ina da hutun sati biyu a watan Disamba. Jiya da daddare na zauna da biro da takarda na jera: Dubai kwana 3, Istanbul kwana 3, Faransa kwana 2, Italiya kwana 2, Masar kwana 3, ragowar kwana ɗaya na dawowa gida. Tunanina, tunda ban san ranar da zan sake samun wannan damar ba, gara in yi mai gaba ɗaya. Kuɗin in an canza za su kai dala 4,000. Ku da kuka saba fita, ya kuka gani?

Ɗan Kwari: Wa alaikumus salam. Ka ce kar a yi dariya, to ni dai na riga na yi, ka yafe ni. Malam, wannan ba yawon buɗe ido ka tsara ba, yawon filayen jirgi ka tsara. Bari in ƙirga maka. Duk ranar da za ka tashi daga wata ƙasa zuwa wata, ranar ta tafi ke nan: ka haɗa kaya, ka bar otal, ka isa filin jirgi awa uku kafin tashi, ka bi layi, ka sauka, ka sake bin layin jami'an shige da fice, ka nemi mota, ka gano sabon masauki. Tashi shida za ka yi. Cire shida daga 14, saura 8. Kwana takwas a ƙasa biyar, kai da iyali. Kuma wannan duk ƙaramar magana ce. Babbar ita ce biza. Dubai daban, Turkiyya daban, Masar daban, Faransa da Italiya biza ɗaya ce ke shigar da su. Biza huɗu, sau mutum biyu, takwas ke nan. Kuɗinka rabi zai ƙare kafin ka ga ƙofar jirgi.

Ɗan Gwale: Alhaji, ai na ɗauka in ka samu ta ƙasa ɗaya sauran suna zuwa da sauƙi.

Ɗan Kwari: Ko alama. Kowace da ofishinta, da takardunta, da nata jan rai. Dubai ɗin da ka sa a farko ma, ka tuna sun daina ba 'yan Najeriya biza tun 2022, sai a watan Yulin 2024 aka dawo da ita, kuma sharuɗɗan ba kamar da ba. Mu da muke zuwa saro kaya a Deira shekara da shekaru ma sai mun yi da gaske.

'Yar Abuja: Yaya, Faransa da Italiya ɗin nan ka soke su tun yanzu, ni na ɗanɗana. Bara waccan na nemi bizar ƙasashen Shengen, wato bizar nan ɗaya da ke shigar da mutum Faransa da Italiya, da sabon fasfo fil, ko tambari ɗaya babu a ciki. Na biya kuɗin biza, wanda yanzu yuro 90 ne, na yanki inshorar lafiya da dole sai ta kai ta yuro 30,000, na kama otal, na kai takardar banki ta wata shida, na kai takardar wurin aiki. Na biya na masu karɓar takardu daban. Bayan sati uku aka kira ni. Na karɓi ambulan, ban iya buɗewa a ciki ba sai da na shiga mota. Fasfona ne kamar yadda na ba su, sai wata takarda guda da aka yi wa wani layi alama, wai ba su gamsu cewa zan dawo gida ba. Ko sisi ba a mayar mini ba, don ba a mayarwa. Na zauna a motar nan kusan rabin awa ban kunna ta ba.

Daga baya na gane kurakuraina. Sati biyu kafin in kai takardu yayana ya zuba mini kuɗi masu yawa a asusu don ya yi kyan gani. Ashe abin da suka fi tsana ke nan, kuɗin da ya faɗo rana ɗaya ba a san daga ina ba. Kai ma da kuɗin adashi da na fili, haka asusunka zai nuna. Na biyu kuma babu wata shaida cewa na taɓa fita na dawo.

Ɗan Gwale: Innalillahi. Ashe har kuɗin filin ma zai iya zame mini matsala.

'Yar Abuja: In kana da takardar cinikin filin ka haɗa, zai taimaka. Amma ni shawarata ka fara da inda ba a tambayar ka biza. Bayan abin da ya same ni Ruwanda na tafi. Tun ƙarshen 2023 suka ce duk ɗan Afirka ya shigo ba biza. Kigali gari ne a kan tsaunuka, ga sanyi mai daɗi, ga tsafta har ta ba ka haushi. Sun haramta leda tun 2008, a filin jirgi ma ana iya karɓe maka ita. Asabar ɗin ƙarshen kowane wata kowa ke fitowa aikin gayya da safe, shaguna a rufe. 'Yan acaɓarsu kowa da hular kwano biyu, tasa da ta fasinja. Akwai unguwar Nyamirambo, nan Musulmi suka fi yawa, ga masallatai ga abincin halal. Sai gidan tunawa da kisan kiyashin 1994 da ke Gisozi, inda aka binne mutum sama da 250,000. Na shiga ina ɗaukar hoto, na fito ban iya magana ba.

Hajiyar Zariya: Ni duk wannan lissafin bai shige ni ba. Ɗana, Allah ya hore maka kuɗin jirgi karo na farko a rayuwarka, kai da matarka, ka jera ƙasashe biyar babu Makka babu Madina? Ka je ka ga hasumiyar ƙarfe a Faransa kafin ka ga Ka'aba? Haba. Ni a shekara 52 na fara shiga jirgi, kuma da na buɗe ido na ga ɗakin Allah, addu'ar da na haddace tun daga gida duk ta gudu, kuka kawai nake. Ka yi Umara. Sauran ƙasashen ba inda za su je.

'Yar Abuja: Mama, da girmanki, amma ai ba laifi ba ne mutum ya je ya ga duniya. Bai ce ba zai je Makka ba har abada.

Hajiyar Zariya: Ban ce laifi ba ne 'yata. Na ce a fara da na farko. Wa ya ba shi tabbacin baɗi?

Malam Azhari: Hajiya ta yi magana mai nauyi, amma a ajiye kowane abu a muhallinsa. Hajji ne farilla ga wanda ya samu iko. Umara a mazhabarmu ta Malikiyya sunna ce mai ƙarfi, sau ɗaya a rayuwa. Wanda ya je Masar ko Gana kafin ya yi ta bai yi saɓo ba. Sai dai in mutum ya ga kuɗinsa sun kusa kai na kujerar Hajji, to wannan wata magana ce, ya zauna da malaminsa. Dala 4,000 kuwa ba ta kai mutum biyu Hajji a yanzu.

Badamagare: Ku dakata. Dala 4,000 ya ce? Mu nan Damagaram dala 4,000 jaka ashirin ce ta sefa, ko tunkiya mai kyau ba ta saya.

Ɗan Kwari: Kai Badamagare, dalar Amurka ake nufi, ba taku mai tamma biyar ba.

Badamagare: Na sani, tsokana nake. Amma da gaske nake wannan: mutumin da ya ce ko Maraɗi bai taɓa zuwa ba, me zai hana ya fara da mu? Ka tashi Kano da safe, ka bi Daura, ka tsallaka ta Kongwalam, kafin la'asar kana Damagaram. Ka ga fadar Sarki a Birni, ka ga tsofaffin gidajen Zango da zanen da ke jikin bangonsu, ka ga duwatsun da garin ke zaune a tsakaninsu. Garin nan shi ne babban birnin Nijar har 1926 kafin Turawan Faransa su mai da shi Yamai. Za a buga maka tambari a fasfo, za ka riƙe kuɗin wata ƙasa, za ka ci kilishin da ya amsa sunansa, kuma ba wanda zai yi maka yaren da ba ka ji. Da hanya na da lafiya kamar da, sai in ce ka wuce Agadas ka ga hasumiyar masallacin nan da aka gina da laka mai tsawon mita 27, amma yanzu ba zan tura baƙo da iyalinsa can ba.

Ɗan Gwale: Na gode ɗan uwa, kuma insha Allah zan zo. Amma gaskiya in na ce wa mai ɗakina ƙasar wajen da na yi mata alkawari Damagaram ce, ban san inda zan kwana ranar ba.

Badamagare: To ka gani, raini ne kawai irin na Kanawa.

Tsohon Direba: Tambaya, fitar Nijar daga ECOWAS ba ta taɓa shiga da fita ba?

Badamagare: Sun fita a hukumance a watan Janairun 2025, su da Mali da Burkina Faso. Amma mutane na shiga suna fita ba biza. Ka dai riƙe takardunka cikakku, don shingaye sun yi yawa.

Ɗan Zango: Salamu alaikum daga Kumasi. Na daɗe ina karantawa ina jira a ambace mu, shiru. Ɗan uwa, abin da kake nema yana Gana. Ba biza, kwana 90 kake da su a matsayinka na ɗan ECOWAS. Daga Legas zuwa Akra a jirgi kamar awa ɗaya ne. Ka sauka ka ga ƙasa ce daban ta gaske, kuɗi sidi ne, ga teku, ga Turanci irin nasu, amma ka shiga tasi ka ce a kai ka Nima ko Mamobi, sai ka ji kamar an ɗauko wani yanki na Fagge an dasa. Da asuba za ka ga layi wurin mai koko da ƙosai, kuma a duk Gana sunansa ke nan, kokon Hausa, ko wanda bai san kalma ɗaya ta Hausa ba haka yake ce masa. Shinkafa da wake da suke alfahari da ita, wadda suke kira wace, sunan daga bakinmu ya fito. Tuwon zafi ma haka. Kakanninmu fataken goro ne da suka bi hanyar Gwanja zuwa Salaga, wasu suka zauna, shi ya sa kusan kowane gari akwai Zango.

Ga yadda zan raba maka kwanakin. Akra kwana 5: babban masallacin ƙasa da ke Kanda wanda Turkawa suka taimaka aka gina, ka ce Istanbul ɗin da kake so ce a taƙaice, sai makwancin Kwame Nkrumah, sai kasuwar Makola, sai bakin teku. Daga nan Kef Kos da Elmina kwana 2, tafiyar kamar awa uku ce a mota. Gidan Elmina Turawan Fotugal suka gina shi a 1482. Za a shigar da ku ɗakunan ƙarƙashin ƙasa inda ake tara bayi kafin a loda su a jirgin ruwa, a kashe fitila na ɗan lokaci don ku ji yadda duhun yake. Sannan Kumasi kwana 4, ka ga kasuwar Kejetia da fadar Sarkin Asante a Manhyia, ka zo Aboabo mu ba ka tuwo.

Hajiyar Zariya: Ku da Hausarku da ba ta san mace ba ta san namiji ba, mata ma "ya zo" kuke ce musu.

Ɗan Zango: Hajiya, ai mun sauƙaƙa wa kowa ne. Matata ya gaishe ki.

Tsohon Direba: Na yi shekara 19 ina jan babbar mota tsakanin Legas da Akra, bari in sa baki. In Gana za ka, hau jirgi. Kar wani ya ruɗe ka da arhar mota. A taswira hanyar gajera ce, amma iyaka uku ce: Seme tsakaninmu da Benin, Hilakonji tsakanin Benin da Togo, Aflawo tsakanin Togo da Gana. Kowace iyaka teburi biyu, na fita da na shiga, ban da masu duba katin rigakafi. Kuma sabon fasfo shi ne abincin wasu a wurin. Na sha ganin an ɗaga fasfon fasinja ana juya shafukan a hankali, a ce "wannan bai taɓa fita ba", sai a tura shi gefe, mota cike da mutane tana jiransa har sai ya sa hannu a aljihu. Namiji shi kaɗai zai iya jurewa, har ya samu labarin bayarwa. Da iyali kuwa, a'a.

Abu na biyu, ko ta sama ko ta ƙasa, ku je ku yi allurar zazzaɓin shawara ku karɓi katin nan mai ruwan ɗorawa. Sai ta kwana 10 a jiki kafin katin ya fara aiki, don haka ba ranar tafiya ake yi ba. Ku yi ta gaske a wurin hukuma, ban da na bayan fage.

Malam Azhari: Tunda kowa na tallan garinsa, ni ma bari in yi na inda na yi karatu shekara shida. A cikin biyar ɗin da ka jera, Masar ce kaɗai zan bar maka. Dalilina uku. Akwai jirgi daga Kano kai tsaye zuwa Alƙahira, ba sai ka je Legas ko Abuja ba. Disamba lokacin sanyinsu ne, za ka iya yawo da rana, saɓanin Yuli da Agusta. Sannan rayuwa ba ta kai tsadar Dubai ko Turai ba, kwanon kushari ko ful da ta'amiyya da burodi ya ƙosar da kai da kuɗi kaɗan. Biza dai sai ka nema tun daga gida, ka ba ta lokaci.

Kuma Alƙahira kaɗai ta ishi kwana bakwai. Masallacin Azhar ya haura shekara dubu, an gama shi a 972. Ka tsallaka titi kana masallacin Husaini, bayansa kasuwar Khan Khalili. Akwai masallacin Amru ɗan Asi, akwai kabarin Imamu Shafi'i, akwai ganuwar Salahuddini da za ka hango garin duka daga kanta. Sai dalar Giza. Mu da muka taso da labarin dalar gyaɗa, sai ka tsaya a gindin ta Fir'auna Kufu, wadda ta yi kusan shekara 4,500, ka ga dutse ɗaya a jerin ƙasa ya kai ƙirjinka, sannan za ka san an yi mutane a duniya. Daga nan ka hau jirgin ƙasa zuwa Iskandariyya, kamar awa uku, ka kwana uku a bakin Bahar Rum. Ƙasa ɗaya, gari biyu, shi ke nan.

Sai dai ka shirya wa ciniki. Ranar da na raka wani baƙona Giza, kafin in biya kuɗin shiga in waiwayo, an riga an naɗa masa rawani an ɗora shi a kan raƙumi, wai kyauta ce don shi ɗan uwa ne Musulmi. Hawa kyauta ne, gaskiya suka faɗa. Saukowa ce ke da kuɗi. Raƙumi na tsaye, bawan Allah na sama yana kiran sunana, mai raƙumi ya harɗe hannu yana kallon gefe. Sai da na yi Larabcin kasuwa na minti goma kafin aka durƙusar da shi.

Ɗan Kwari: Bakano za a koya wa ciniki? Ai ya je gida.

Malam Azhari: Alhaji, baƙon nawa ɗan Kurmi ne.

Batijjane: Allah gafarta Malam, ba a ambaci Maroko da Senegal ba. Mai son ziyara, Fas na nan, inda zawiyyar Shehu Ahmadu Tijjani take, ga jami'ar Ƙarawiyyin da aka kafa tun 859, ga majemar da za ta tuna maka da ta Kano. Fatar da Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko ma, da yawanta ta jajayen awakinmu ce da ayari ke tsallaka Sahara da ita. Sai dai Maroko na buƙatar biza kuma Fas akwai sanyi sosai a Disamba. Senegal kuwa ba biza: Dakar, tsibirin Gore, sai Kaulaha wurin Shehu Ibrahim Inyass. Matsalarta tikiti, sau da yawa zuwa Dakar ya fi zuwa wasu ƙasashen nesa tsada, kuma in ba ka jin Faransanci ko Wolof za ka sha nuni da hannu, sai ka shiga Madina Baye ka tarar da 'yan gida.

Ɗan Gwale: Jama'a kun ƙara rikita ni. Da ƙasa biyar na zo, yanzu an soke huɗu an ƙaro mini shida.

Ɗan Kwari: To bari in taya ka tacewa. Kar ka fara da tambayar ina ne ya fi kyau, ko'ina da kyansa. Fara da ina ne za su bar ka ka shiga ba wulaƙanci. Sannan ina ne jirgi ke zuwa ba tare da ka kwana a benci a wata ƙasa ba, don mai fitar farko da canjin jirgi a filin da bai sani ba, ga iyali ga kaya, abin tausayi ne. Ni a fitata ta farko na yada zango a wani babban filin jirgi, na zauna a ƙofar da aka rubuta a tikitina, ashe an canza ƙofa an sanar a allo ban duba ba. Ina zaune ina cin dabino jirgina ya tashi. Kwana na yi a kan kujera. Sannan ka cire kuɗin tikiti da biza da otal, ka raba ragowar da yawan kwanaki, ka ga ko zai ciyar da mutum biyu har da mota da kuɗin shiga wurare. Ka ware wani abu da ba za ka taɓa ba sai ta ɓaci. Kuma ka tafi da kuɗi a hannu, kar ka dogara da katin banki kaɗai. Wanda ya tsallake wannan tacewar, a cikinsu za ka zaɓi wanda ranka ke so.

'Yar Abuja: Kuma ka kiyayi ejan da zai ce maka ya san wani a ofishin jakadanci, biza tabbas ce. Babu wanda ke da tabbas. Kar ka sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa sai biza ta fito.

Hajiyar Zariya: Ni ina da tambaya ɗaya da ban ji kowa ya yi ba. Tun ɗazu ana ta "kai da iyali, kai da iyali". Ita baiwar Allahn, ka tambaye ta ina take so?

Ɗan Gwale: Gaskiya Hajiya, so nake in yi mata ba-zata.

Hajiyar Zariya: Ba-zata da fasfon da ta je ta zauna aka ɗauke ta hoto? Tashi ka je ka tambaye ta, muna nan.

Tsohon Direba: Hajiya ta kama shi.

Ɗan Gwale: Na dawo. Ta karɓi wayar ta karanta tun daga sama, ta yi dariyar raƙumi har da hawaye. Ga abin da ta ce in rubuta, ban ƙara ban rage ba. Ta ce ita Faransa da Italiya ko a mafarki ba su taɓa zo mata ba, ni ne mai son hoto a gindin hasumiya. Abu biyu take so a ranta: ta yi sallama ga Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, a Madina, kuma ta ga teku da idonta, don ruwan da ya fi girma da ta taɓa gani shi ne na Tiga. Ta ce in kuɗin ba za su kai Madina ba, to a je Gana, ta ji daɗin maganar Ɗan Zango.

Ɗan Zango: Allah ya yi mata albarka, mace mai hankali.

Hajiyar Zariya: Ka ji ko? Da ka kwashe ta ka kai ta Italiya.

Malam Azhari: To ai ta warware maka. Abu biyun da ta faɗa duk suna ƙasa ɗaya, biza ɗaya. Bizar Umara yanzu ba ta tsare ka a Makka da Madina kaɗai ba, kana iya zuwa sauran garuruwa. Jidda na bakin Bahar Maliya, tsakaninta da Makka kamar kilomita 80. In da hali ku fara sauka Madina, ku yi kwana 5 a natse: Rauda, wadda sai kun nemi lokaci ta manhajar Nusuk, sai Ƙuba, Uhudu da Baƙi'a. Ku ɗauki harami a Zul Hulaifa, wato Abyar Ali, ya fi wa sabon zuwa sauƙi a kan ɗaura harami a cikin jirgin sama. Akwai jirgin ƙasa mai gudu da aka buɗe a 2018, yana haɗa Madina da Makka cikin kamar awa biyu da rabi, tafiyar kusan kilomita 450. Makka kwana 5. Sai Jidda kwana 2, ku zaga tsohon garin da ake kira Balad da gidajensa masu tagogin katako, da yamma ku je bakin ruwa ta ga tekunta. Disamba ma ba zafi irin na bazara. Allurar sanƙarau dole ce, a haɗa da ta shawara.

Ɗan Kwari: Ta fuskar kuɗi zai yi, amma a matse, kuma in ka yi sakaci ba zai yi ba. Ƙarshen Disamba hutun makarantu ne a ƙasashe da yawa, otal na tashi. In ofis za su yarda ka ɗauki hutun a farkon wata, ya fi. Kar ka nace sai otal mai kallon Harami, ka nemi na baya kaɗan mai motar kai da kawowa. Ka tambayi farashi wurin kamfani uku aƙalla, kuma kowanne ka ce ya nuna maka lasisinsa na Hukumar Alhazai. A rubuta maka sunan otal da nisansa a takarda, don "kusa da Harami" a bakin eja tana iya zama tafiyar rabin awa. Tsaraba kuma ka ja wa kanka layi tun daga gida, in ba haka ba dangi za su cinye kuɗin Jidda.

'Yar Abuja: Ni dai har yanzu ina ganin Gana ko Ruwanda sun fi sauƙi a aljihu, kuma da sun rage canjin wata tafiyar. Amma tunda Anti ta faɗi abin da take so, na janye. Yaya, in kun dawo ka adana komai, tambarin shiga da na fita su ne shaidarka ranar da za ka nemi ta Turai.

Ɗan Gwale: Na yaga takardar jiya. Sabuwar ta ce Madina 5, Makka 5, Jidda 2, kwana biyu na hanya. Gobe zan shiga wurin shugabana kan maganar matso da hutu, jibi mu je allura. In farashin ya fi ƙarfina, Ɗan Zango ka ɗora tukunya. Istanbul kuwa ina nan da ita a rai, ban haƙura ba.

Badamagare: Mu kuma an manta da mu ke nan.

Ɗan Gwale: Kai da ƙaramar Sallah zan zo, ni kaɗai, a motar haya.

Hajiyar Zariya: Allah ya sa a je lafiya a dawo lafiya, ku sa mu a addu'a a Rauda. Yaran fa, wa za ku bar wa?

Ɗan Gwale: Hajiya, wannan ita ce muhawarar da ake yi yanzu haka a falo. Ita ta ce gidan mamarta, ni na ce gidan tawa.

Tsohon Direba: To a nan kam ba mu da shawara. Ni dai ajwa rabin kilo, kar a manta.